Yadda Mai Gidan Haya Zai Tsara Gyaran Gidansa Daga Damina Zuwa Damina

Yawancin masu gidajen haya a garuruwanmu ba sa gyara sai an kira su. Ɗan haya ya buga waya cikin dare ya ce silin ya rufto, ko shadda ta cika har ta fara tumbatsa, sannan a shiga neman kafinta ko mai motar yasa ido rufe, a biya duk abin da suka yanka. Gyaran da aka yi a irin wannan hali shi ne mafi tsada, kuma shi ne mafi rashin inganci, domin ba a samu sukunin zaɓen mai aiki ko taya kaya ba.

Abubuwan da ke cin gida a ƙasar Hausa sanannu ne: ruwa, wutar lantarki da gara. A cikinsu ruwa ne babba, nesa ba kusa ba. Kowanne kuma yana da lokacin da yake ɓarna a shekara. Saboda haka tsarin gyara ba wani abu ba ne illa mutum ya riga kowanne zuwa: rufi kafin ruwan farko, waya kafin hunturu, shadda kafin ta cika. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: zagaya gidan da littafi a hannu

Sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi ga kowane gida. Idan gidajen uku ne, littattafai uku, kada a haɗa. A shafukan farko rubuta abin da ke cikin gidan ɗaki bayan ɗaki: ƙofofi, tagogi, makullai, fankoki, soket, famfuna, tayil, silin. A gaban kowanne rubuta halin da yake ciki da kalma ɗaya, lafiya, ko ya fara, ko ya lalace. Ɗauki hoto da waya, tunda hoton yana riƙe kwanan wata.

Sai abubuwan da ba a gani kullum, waɗanda su ne ke cin kuɗi: shekarar da aka yi rufi da irin kwanon, ranar da aka yashe shadda ta ƙarshe, zurfin rijiyar burtsatse da ƙarfin injin da ke cikinta, lambar mita, da inda bututun ruwa ya bi a ƙarƙashin daɓe. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Mai gyaran famfo da bai san hanyar bututu ba sai ya farfasa rabin tsakar gida kafin ya gano inda ke yoyo.

Shiga gidan da mutane ke ciki yana da ladabinsa. Gidan naka ne, amma sirrin cikinsa na mai haya ne. Ka sanar da maigidan kwana biyu ko uku kafin ka zo, ku tsayar da lokacin da yake nan. Idan gidan matan aure ne masu kulle, ka yi sallama daga zaure ka jira a kimtsa, ɗakunan ciki kuwa ya fi kyau maiɗakinka ko wata 'yar'uwa ta duba. Sau da yawa ma matan gida sun fi mazajensu sanin kusurwar da ke ɗiga da famfon da ke kuka, don su ke wuni a ciki.

Mataki na biyu: ware kuɗin gyara ranar da aka biya haya

A nan yawancin tsari ke rushewa. Haya a wajenmu ta shekara ce, kuɗin na zuwa a dunƙule sau ɗaya, kuma kafin wata ya zagayo sun shige kuɗin makaranta, hatsi da biki. Idan Agusta ta zo da yoyo, babu ko sisi.

Shawarata ita ce a cire kashi 10 cikin 100 na hayar a ranar da ta shigo, a sa a wani asusu dabam wanda ba ka yawo da katinsa. Gidan da ya haura shekara 15, ko ginin ƙasa, ko gidan ɗaki-ɗaki da jama'a da yawa ke haɗa banɗaki, a kai shi kashi 15 zuwa 20. A ce gida ne mai ciki da falo shida, kowanne naira 200,000 a shekara. Jimla miliyan 1.2 ke nan, rabon gyara kuma 120,000 zuwa 180,000. A shekarar da ba a taɓa kuɗin ba, kada a ce riba ce. Suna jiran shekarar sauya kwano ko injin rijiya ne.

Akwai matsala guda: naira ba ta zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali 'yan watanni kafin nan ana sayensa kusan rabin haka. Don haka wani ɓangare na ajiyar ya fi kyau ya zama kaya. Idan ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ga farashi ya yi dama-dama, ɗauki abin da ba ya lalacewa: 'yan fallayen kwano irin na rufinka, ƙusoshi, bututun roba, kawunan famfo, da kwali ɗaya ko biyu na tayil ɗin da ka shimfiɗa, domin bayan shekara biyu da wuya ka sake samun irin zanensa. Siminti kam ba a ajiye shi. Yana shan laima ya daskare, cikin 'yan watanni ƙarfinsa ya ragu.

Mataki na uku: a rubuta wa ke gyara me

Rigimar mai gida da ɗan haya kusan kullum a kan wannan take. A raba tun ranar da ake ba da makulli, a rubuce, gaban shaidu biyu. Abin da ya shafi jikin gini na mai gida ne: rufi, bango, tushe, shadda, wayarin da ke cikin bango, babban bututu, tanki da rijiya. Abin da amfanin yau da kullum ke cinyewa na ɗan haya ne: ƙwan fitila, makullin da ya ɓatar, gilashin da yara suka fasa, magudanar kicin da aka toshe da tuwo da mai. Malaman fiƙihu ma sun yi bayani cewa idan gida ya lalace har ya hana mai haya moriyar da ya biya kuɗi dominta, yana da zaɓin warware hayar.

Sharuɗɗa biyu nake so kowa ya ƙara. Na ɗaya, ɗan haya ya sanar da duk wani yoyo ko tartsatsin wuta cikin kwana biyu. Na biyu, kada ya yi gyara da niyyar cirewa daga kuɗin haya sai da izininka a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, kuma ya kawo rasit. In ba haka ba, ranar biya sai ka ji: "Ai Alhaji na kashe dubu arba'in a banɗaki," kai kuma ba ka da bakin musu.

Mataki na huɗu: bazara, lokacin rufi

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne muhimmanci a shekara. A Jos, Abuja da kudancin Kaduna ruwa kan fara tun Afrilu, don haka a gama cikin Maris. A Kano da Zariya ana da sarari zuwa ƙarshen Afrilu, Katsina, Sakkwato da Maiduguri kuwa har zuwa Mayu. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma suna karantawa da Hausa.

Ka sa kafinta ya hau da sassafe, kafin kwano ya ɗau zafi, ya taka a kan layin ƙusa inda katako yake, ba tsakiyar falle ba. Abin da zai nema: ƙusoshin da suka ɗago, domin zafin rana da sanyin dare suna sa kwano miƙewa da tsukewa har ya tura ƙusa sama, tsatsa a inda falle ya hau kan falle, kwanon tsakiya da ke rufe ƙoƙuwar rufi, da bakin rufi ta gefen gabas, inda iskar hadari ta fi dukan gida. Iskar farkon damina ba ta yaye rufi gaba ɗaya da farko, kusurwa ɗaya mai sako-sako take samu ta shiga. Ƙusa da ta ɗago kada a mayar da ita ramin da ta fito, a buga sabuwa a gefe a toshe tsohon ramin. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa a kan kwano ba gyara ba ne, suna tara ruwa ne su jawo tsatsa.

Bayan sama, sai ciki. A buɗe ƙofar silin da tsakar rana a leƙa ba tare da tocila ba: duk inda haske ya ratso, ruwa zai ratso. Sannan a kunna tocila a duba katako. Hanyar jar ƙasa a jikin katako alamar gara ce. A soka sukudireba, idan ta shige kamar cikin burodi, katakon ya tafi, sai sauyi. Wanda bai mutu ba a kankare ƙasar a shafe shi da maganin katako irin su Solignum. Kafintoci da yawa baƙin mai suke shafawa don araha, yana ɗan taimakawa amma bai kai magani ba. A bi hanyar garar har ƙasa, don gidanta yana can, sau da yawa a wani tsohon kututture ko tarin katako da aka jingina da bango.

Gidajen zamani masu rufin da aka ɓoye a bayan bango, wanda magina ke kira farafet, suna da kyan gani, amma sun fi kowanne wahalar da mai gida. Ruwan rufin duka yana taruwa ne a kwatar siminti a sama kafin ya sauka ta bututu. Ƙurar hunturu, ganyen darbejiya, leda da sheƙar tattabaru suna cika kwatar, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin silin. A share ta tas, a zuba bokitin ruwa a ga ya sauka da gudu, a liƙe tsagar da ke cikinta, a sa raga a bakin bututun. Ginin ƙasa kuma a sabunta yaɓe, a duba indararo ko ya zauna daram kuma yana jefa ruwa nesa da gindin bango, a duba azara.

Kafin a sauko daga wannan mataki, a yashe lambatun ƙofar gida da hanyar da ruwan tsakar gida ke bi ya fita, a sare rassan da suka hau kan rufi.

Damina: lokacin kallo

A damina ba a cika babban aiki ba, ana lura ne. Ka je gidan sau ɗaya ana tsaka da ruwa mai ƙarfi, ko da zarar an ɗauke. Abin da za ka gani a minti goma ya fi abin da za a faɗa maka a waya: inda ruwa ke kwanciya, bangon da ya jiƙe, indararon da ke zuba a jikin gini. Ka zagaye kowane tabo a silin da fensir ka rubuta kwanan wata. Idan bayan mako biyu tabon ya wuce zanen, yoyon na nan. Silin ɗin POP da ya sha ruwa yana da nauyi, idan ya fara kumbura ko tsagewa a janye gado daga ƙarƙashinsa a ranar.

A Agusta, lokacin marka, ƙasa kan ƙoshi da ruwa, katangu su fara faɗuwa. Katangar da ta karkata a tokare ta, a hana yara zama a gindinta. Tsagar bango kuma iri biyu ce. Siririya kamar gashi a filasta ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take ƙara faɗi, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, wannan maganar tushe ce. Kada a bar birkila ya cusa siminti ya shafe. A kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya gani.

Kaka da hunturu: fenti da wuta

Daga ƙarshen Oktoba, bango ya bushe, sai a bi alamun fensir ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan gindin bango yana kumbura, fenti na ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri na fitowa, laima ce ke hawowa daga ƙasa. Fenti a kai asarar kuɗi ne. A fara kawar da ruwan da ke kwanciya a gindin ginin, a yi daɓe mai gangara zuwa waje, a kankare filastar da ta ruɓe, a bar bulo ya sha iska, a sake filasta da maganin hana ruwa, sannan fenti.

Hunturu lokacin gobara ne. Komai ya bushe, iska na kaɗawa, kowane ɗaki an jona hita ana dafa ruwan wanka. A Nuwamba ka kawo mai gyaran wuta ya buɗe akwatin bireka ya ɗaure wayoyin da suka saki, ya sauya duk soket ɗin da ya yi baƙi ko yake warin ƙuna. Ka tambaye shi kaurin wayar da ke bango: ta fitila murabba'in milimita 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da babbar hita 4. Gidajen haya da yawa an yi musu wayarin ne lokacin da ɗan haya ba shi da komai sai fanka da rediyo, yau kuwa ga firji, ga dutsen guga, ga tukunyar lantarki. Inda aka cire fis aka ɗaura waya a madadinsa, a gyara nan take. A duba makunnin da ke sauya wuta tsakanin layi da janareta ko sola.

Maganar mita: in da hali, kowane sashe ya samu mitarsa ta kati daga kamfanin yankinku, KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, ko Kaduna Electric a Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi. Ɗan haya yana iya tashi ya bar maka bashin wuta. Ka kuma duba ko wani ya yi haɗin satar wuta, don idan aka kama ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Janareta a ba shi wuri a fili, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Tukunyar gas kuwa a shafa ruwan sabulu a bakinta da jikin tiyo, kumfa na tashi to akwai yoyo.

Shadda, tanki da rijiya

Waɗannan ba su bin yanayi sosai, suna bin yawan mutane. Sau biyu a shekara a ɗaga ƙaramin murfin sokawe a zura doguwar sanda. Idan dattin da ya kwanta ya doshi rabin zurfin, a kira mota, kada a jira. An fi so a yashe kafin damina, saboda ruwan ƙasa yana tasowa ya cika ramin da wuri. A duba murfin siminti ko ya tsage ko rodinsa ya fito ya yi tsatsa. Kuma ko waya ce ta faɗa, ko me ya faɗa, kada a bar kowa ya shiga ramin. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa ake yawan jin wanda ya shiga ceto ma ya rasu.

Tankin ruwa a wanke shi duk wata shida, a tabbatar murfinsa na rufe, a duba ƙarfen da ya ɗauke shi musamman wajen walda da ƙafafu. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika nauyin ruwansa kaɗai tan 2 ne. Idan akwai rijiya a gidan, tazararta da shadda ana so ta kai mita 30, kada dai ta gaza 15. A filayenmu masu ƙunci ba kullum ake samun haka ba, to a gaya wa 'yan haya gaskiya cewa ruwan na wanki ne, ba na sha ba.

Masu aiki da yadda ake karɓar ƙorafi

Ka riƙe mutum huɗu da ka yarda da su: kafinta, birkila, mai famfo, mai wuta. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ka sayi kayan da kanka ko ku je tare. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, cikon sai an gwada aikin a gabanka: a buɗe famfo, a zuba ruwa a kwata, a kunna wuta. Tsohon abin da aka cire a nuna maka shi. Idan dillali ko wani mai kula da gida ka wakilta, ya turo hoton kafin da na bayan aiki, kai kuma ka riƙa zuwa da ƙafarka aƙalla a bazara da kaka.

Ƙorafi kuwa ba duka ne ke da gaggawa ɗaya ba. Warin gas, tartsatsin wuta, bututun da ya fashe, shadda mai tumbatsa, bangon da ya karkata: yau. Yoyon rufi, famfo mai ɗiga, ƙofar waje da ba ta kulluwa: cikin mako. Fenti da tayil da ya fashe suna iya jiran kaka. Ko ba za ka gyara nan take ba, ka amsa: "Malam, na ga saƙonka, mai famfo zai zo ranar Asabar bayan la'asar in sha Allahu." Ɗan hayan da aka saba yi wa shiru yakan daina faɗa, kuma yoyon da aka daina faɗa shi ke ruɓar da katako.

Duk aikin da aka yi ya shiga littafi: rana, abin da aka gyara, wanda ya yi, nawa aka kashe. Bayan shekara biyu littafin zai nuna maka famfon da ka gyara sau huɗu, wanda sauya shi ya fi araha.

Idan ɗan haya zai tashi

Ku zagaya tare kafin ya miƙa makulli, da hotunan ranar da ya shiga a hannunka. Ku bambanta tsufa da ɓarna: fentin da ya dushe bayan shekara uku naka ne, ƙofar da aka ɓalle tasa ce, a cire daga kuɗin ajiya idan ka karɓa tun farko. A karanta mita, a ga rasit na ƙarshe na wuta da na ruwa.

Sannan kada ka yi gaggawar sa wani, ko da dillali yana ta kira. Mako ɗaya ko biyu da ɗaki yake a buɗe su ne kaɗai damar yin aikin da ba ya yiwuwa da mutane a ciki: fasa daɓen banɗaki a gyara bututu, sauya waya, feshin gara da kuɗin cizo, gyaran silin. A sauya makullan ƙofar waje, a ɗauki sababbin hotuna, a buɗe sabon shafi a littafi da sunan mai shigowa da ranar da ya karɓi makulli.